Inna, Nana Ta Yi Dariya

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Allah Ya haskaka makwancinki, albishir na kawo miki.

Kin bar duniya da damuwar jikarki Nana a zuci. Kin ga yadda ta koma tun da sanƙarau ya tafi da jinta. In an kunna talabijin aka kwashe da dariya, sai ta bi fuskokinmu da kallo, ta tashi sumui-sumui ta shige ɗaki. Kullum kina ce mini, “Hauwa, Allah bai manta da ita ba.” Ina amsa miki da to, amma Inna, na fara fid da rai.

Ranar Juma'a muka taso daga Dutsin-Ma muka je Kurfi gaida Baba. Bayan la'asar, Yaya Sani ya jingina wayarsa a jikin turmi, ya kunna mana wani tsohon fim na Turawa mai baƙi da fari, wai ya haura shekara ɗari. Gajere ne, kuma ba a jin muryar kowa a ciki. Wani siririn mai fenti ne ya saɓa tsani a kafaɗa. Ya juya ya kwaɗe ɗan sanda. Ya waiwayo zai ba shi haƙuri, ɗaya bakin tsanin ya hankaɗa wani mai tumbi cikin bokitin fenti.

Sai muka ji dariya a bayanmu. Nana ce tsaye a bakin ƙofa. Inna, ta riga mu duka! Ta matso ta zauna a gaba, tana nuna mana wanda za a kwaɗe tun kafin tsanin ya iso gare shi. Sau huɗu ta sa aka maimaita.

Da aka gama ta saɓa taɓaryarki tana kwaikwayo, har ta ture butar Baba. Baba ya yi dariya sai da hularsa ta faɗi. Ni kuwa na zaga bayan rumbu na yi kukana na ƙoshi.

Jinta bai dawo ba, likita ma ya ce kada mu sa rai. Amma jiya da kanta ta ɗauki takalminta ta tafi wasa gidan maƙwabta, sai da na je na taho da ita. Wani dutse ya sauka daga ƙirjina, Innata. Ki huta, 'yar lelenki ta dawo cikin mutane.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya raya mana Nana cikin albarka. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Hauwa