Abin da Kika Sa a Bakin Hagu

Zuwa ga mai ɗakina Saratu,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina hutawa inda Ubangiji ya ajiye ki. Na san takardar nan ba za ta same ki ba, ba kuma mai karanta miki ita. Amma kin san halina, in magana ta tsaya mini a wuya ko tuwo ba ya wucewa, kuma duk Daddara ba wanda zan iya gaya wa wannan sai ke.

Bari in fara da labarin gida, kada ki ce damuwata kaɗai na kawo miki. Jar akuyarki ta haihu. Ɗiyarmu Rifkatu ta dawo gida da yaranta, don cinikin abincin da take yi a bakin iyaka ya mutu. Manyan motoci sun ragu, direbobin Maraɗi masu cin shinkafa da wakenta ba sa zuwa kamar da. Gonakinmu na nesa har yanzu ba mai taka su, kin san dalili. Geron bana bai yi ba. Mu da maƙwabta duk rogon fadama muka zuba wa ido, shi ne zai fid da mu zuwa damina.

To, gadu ya shiga rogon nan, wani ƙato mai haure a murɗe, yana tone shi kunya bayan kunya. Mutane suka zo ƙofar gida suna kiran Sarkin Baka. Na saɓi bindiga na tafi da safe, na same shi kusa, ya ba ni haƙarƙari yana ta tono. Na ɗana, na ja kunama, sai harsashi ya same shi a cinyar baya. Saratu, gaisuwar nan ta dawo.

Kin tuna ranar da kika raɗa mata wannan suna? Bindigar Baba ce mai baki biyu, wadda ya yi farautar ɓauna da ita. Ranar da na fara harba ta ina saurayi, na riƙe ta sakwa-sakwa yadda nake riƙe 'yar bindigar baushe, ta shure ni ta tsaga mini ƙashin kafaɗa. Ƙashin ya warke, amma jikina bai manta ba. Bayan aurenmu kin kawo mini abinci gona, kika tarar ina gwada hannu a kan tsohuwar ƙwarya, ina ta kuskure. Kika tsaya kina kallo, sannan kika ce kafin bindigar ta yi magana nakan runtse ido, in noƙe kafaɗa, in rusuna, bakinta ya kalli ƙasa. Kika tambaye ni ko surukata ce, da nake gaishe ta haka. Na yi kwanaki ina kumbure-kumbure, ke kuwa ko a jikinki.

Ke kika nemo maganin. Kika ɗauko kwanson harsashi da aka riga aka harba, kika ce in ba ki bindigar in juya baya. Na tuna miki cewa mace ba ta taɓa bindigar maharbi, in ta taɓa ta, ba ta ƙara cin nama. Haka muka taras, kuma shigarmu coci ba ta cire mana wannan daga zuciya ba. Kika ce tun zuwanki gidan kike ɗaga ta in za ki yi shara, amma ba mu daina cin nama ba. Na juya baya. Na ji kin karya ta, kin sa wani abu, kin rufe, kika ce in juyo. Na yi saiti, na ja, sai ta ce ƙas, ba komai a ciki. Ga ni a rusune, ido a rufe, ba abin da ya shure ni. Kika yi dariya har kika zauna a ƙasa.

Haka muka riƙa yi a gonar nesa, mu biyu. Wani lokaci mai rai, wani lokaci kwanso, ban taɓa sanin wanne ba ne. Da jikina ya rasa lokacin da zai ji tsoro, sai ya haƙura. Ke da ba ki taɓa harbi ba, ke ce mai cewa in manna ƙotar a ramin kafaɗa, in kwantar da kunci a kan icen, in karkata gaba, in saki numfashi, in matsa kunama a hankali har ƙarar ta zo mini ba zato. Kika ɗinka mini ɗan gammo a cikin rigar farauta, kika cusa mini auduga a kunne. Ko ranar farauta ke kike sa harsashi a ɗaka. Na san mai rai ne, amma in kin miƙo mini sai ki ce wa ya sani. Wannan 'yar shakkar ita ta ciyar da mu shekara da shekaru.

Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ana yi mini kirari a taron maharba, ke kina can kina tuƙa tuwon baƙi. Ranar jana'izarki fasto ya yaba muryarki a zumuntar mata, ya yaba hannunki na kyauta, ni kuwa ina zaune baki a rufe. Ko ke ɗin ban taɓa ce miki na gode ba. Ina ganin kamar akwai lokaci.

Ga abin da kuskurena ya jawo. Gadun ya ja ƙafa ya kwanta a tsakiyar rogon, kin kuwa san gadu mai rauni ba ya gudu. Maƙwabcinmu Tanko ya shiga duba ɓarna, gadun ya taso masa ya farke masa cinya. A kan babur aka kai shi asibitin Jibiya, har yau ba a ce ga yadda ƙafar za ta kasance ba. Matarsa tana gaishe ni da safe kamar kullum, da ma zagina take yi, da ya fi mini sauƙi. Yanzu ba mai shiga fadama. Jikokinki kunu suke sha safe da yamma. Ɗazu Rifkatu ta wasa fartanya, ta ce gobe za ta tono rogo, da gadu ko ba gadu. Na hana ta, ta kalle ni irin kallonki. Kin san ba ta fasawa.

Na gwada yaudarar kaina. Na zuba mai rai da kwanso a ƙwaryarki, na rufe ido na laluba, amma yatsuna sun san nauyin kowanne. Yaya mutum zai ɓoye wa kansa abu? Na yi tunanin kiran Rifkatu ta yi mini yadda kike yi, to da wane harsashi? Irin na bindigar nan ba a samun sa yanzu, ko nan ko tsallaken iyaka. Mai rai guda ɗaya ya rage mini, yana bakin dama, kuma tun da ni na sa shi da hannuna, na san zan rusuna masa.

Saura bakin hagu. Kin tuna, kina kwance, kika ga hannuna yana rawa da nake ba ki magani. Kika ce gaisuwar surukata ta kusa dawowa, in ɗauko bindigar. Kika sa na juya baya, na ji kin jawo tukunyarki ta ƙarƙashin gado inda kike ajiyar harsashi, na ji kin daɗe kafin ki iya rufe bindigar. Kika ce dama nawa ne, hagu naki, kada in leƙa, in kin tashi za mu je fadama mu gwada. Ba ki tashi ba. Tun daga ranar, in zan buɗe ta sai in kawar da kai, in danne na hagun da babban yatsa. Ko na ƙirga kwanson da ya rage a tukunyar ba zai gaya mini komai ba, don ban taɓa sanin nawa ne a ciki ba.

Me kika sa, Saratu? In gwaji kika nufa, ai kullum da kwanso kike farawa, don ki samu abin dariya. Ko kin riga kin san ba za ki tashi ba, kika bar mini mai rai don rana irin ta gobe? Murmushi kike yi da na juyo, amma ke ko wanne kika sa murmushin nan ɗaya ne. Yau na zauna da ita a cinya tun azahar, yatsana a kan makullinta. In na leƙa na ga mai rai, ya zama kamar na dama, zan rusuna masa. In na ga kwanso, na ɓatar da abu na ƙarshe da hannunki ya yi mini. Ina jin tsoro, tsoro irin wanda ban ji ba tun ina saurayi, kuma ba mai ce mini wa ya sani.

Ba zan leƙa ba. Gobe kafin Rifkatu ta ɗauki fartanya ina cikin rogon. Zan sa rigar nan mai gammonki, in matsa kusa da shi har in ga idonsa, in fara da hagu. In ta tashi, zan biyo ta makabarta in faɗa miki, in kuma faɗa wa mutanen gari wadda ta kashe musu gadu. In kuwa ta ce ƙas, ki yi dariyarki, sannan ki ɗan matsa mini wuri, godiyar nan zan yi miki ita da bakina.

Ki huta lafiya, mai ɗakina.

Mijinki Bawa, wanda har yanzu ya juya baya yana jira ki ce ya juyo.