Mun Gyara Kafin Mai Inshora Ya Zo

Kawu, dama laifi ne mutum ya gyara abin da ya rushe?

Salamu alaikum, Sabi'u ne. Ya jikinka, ya Inna da yara, ya Legas?

Ruwan Laraba ya kayar da ɗaki guda a gidan hayarka na Ɗanbatta da ka bar mini in kula da shi. Maƙwabta suka yi mana gayya, kwana biyu muka tayar da shi. Jiya mai inshora ya zo ɗaukar hoto, ya ce, "Malam, ina ɓarnar?" Wai tunda bai gani ba, ba za su biya ba.

Don Allah kar ka kore ni. In sake rushe ɗakin ne?

A sa ni a addu'a, a gai da kowa. Bari in tafi, mai kai wasiƙar zai tashi.