Agogon Baba da Kan Cajar Kasuwa

Sabon Gari, Wudil
Asabar

Abban Khaulat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma karatu a Maleshiya yana tafiya daidai. Khaulat tana gaishe ka. A takarda na rubuto, zan ɗauki hotonta in tura maka, domin idan na kira ka muryata za ta tayar maka da hankali.

Maganar agogon da ka aiko wa Baba ce, mai auna bugun zuciya. Ƙaninka Tasi'u ya zo ranar Laraba, da zai koma Lajawa ya haɗa da kan cajar agogon cikin kayansa bai sani ba. Na yi ta kiransa, wayarsa ba ta shiga. Ka sha gaya mini kada in haɗa agogon da kowane kai, shi ya sa ban taɓa na wayata ba. Jiya Juma'a na shiga kasuwa, wani mai baro ya rantse mini cewa nasa daidai yake da na asali. Na saya.

Bayan Azahar na jona shi a ɗakin Baba, yana barcin rana. Ina tsakar gida ina tankaɗe aka kawo wuta da ƙarfi, sai na ji wata ƙara, tas! Kafin in kai ƙofa warin roba ya cika gidan. Kan cajar ya narke a jikin soket, gefen labule ya kama, Baba yana kwance bai fi taku biyu daga wurin ba. Na kashe mita, na fizgo labulen na tattake shi da takalmi.

Babu wanda ya ƙone, Alhamdulillahi. Amma agogon ya ƙi kunnuwa. Ka yafe mini.

Taka,
Rahinatu

*

Laraba

Abban Khaulat,

Assalamu alaikum. Ya kake, ya karatu? Na ga saƙonka. Na gode da ba ka yi faɗa ba, amma hakan bai rage mini komai ba.

Kwana biyar ke nan babu agogo. A da, idan zuciyar Baba ta rikice, agogon yana ƙara, wayata ma ta nuna mini. Yanzu sai dai in zauna a bakin ƙofarsa ina sauraron tarinsa. Likita ya taɓa nuna mini yadda ake jin bugun da yatsu biyu, amma ka san tsakanina da mahaifinka: shekara bakwai, ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba, balle in riƙe masa hannu. Shi kuma komai ka tambaye shi sai ya ce da sauƙi.

Yau ya idar da La'asar, ya yunƙura zai tashi, sai ya koma ya jingina da bango, gumi yana zubo masa. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, miƙo hannunka." Ya kawar da kai, ya miƙo. Abin da na ji a ƙarƙashin yatsuna ba zan manta da shi ba. Ya buga da sauri, ya tsaya, har na ɗauka shi ke nan, sannan ya sake bugawa.

Ban san lokacin da na fita titi babu mayafi na tare adaidaita ba. Daga asibiti nake rubuto maka. Sun ƙara masa ruwa, sun canja magani, yanzu ya samu barci. Khaulat tana wurin maƙwabciyarmu Radiyya. Ka yi mana addu'a.

Taka,
Rahinatu

*

Lahadi

Abban Khaulat,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. An sallamo Baba ranar Juma'a, yana cin abinci, yana gaishe ka.

Radiyya, ka san a sashen lantarki na jami'a take aiki, ta karɓi agogon ta duba. Ta fasa kan cajar nan a gabana. Kusan babu komai a cikinsa, sai wani guntun ƙarfe da aka manna don ya yi nauyi a hannu. Ta ce, "Ai da na wayarki kika sa, da babu abin da zai faru." Ta nuna mini ƙaramin rubutun da ke jikin kan cajar wayata, inda aka sa 5V. Ta ce matuƙar kan na kirki ne kuma yana ba da wannan, agogon abin da yake buƙata kawai zai ja, ko da kan ya fi nasa ƙarfi. Jabu ne ba ya iya tare wuta idan ta zo da yawa. Na zauna na yi kuka, domin abin da na guda yana cikin jakata tun farko.

Igiyar cajar ce ta ƙone, agogon bai mutu ba. Ta samo irinta ta asali a Kano jiya. Mun jona shi a kan siminti, nesa da katifa da labule, ina tsaye kusa da mita. Da fuskar agogon ta kawo haske sai da na yi sujada.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Da safen nan na ɗaura wa Baba shi. Kafin Azahar ya yi ƙara sau uku, kuma duk ukun Baba yana zaune ne, ba ya aikin komai. Na kira likita na karanta masa lambobin. Ya ce mu kai Baba babban asibiti a Kano ranar Talata, wataƙila sai an sa masa na'ura a ƙirji. Ya tambaya ko babban ɗansa yana kusa.

Baba ya ce kada in gaya maka, wai kada karatunka ya lalace. Ban taɓa saɓa masa ba sai yau. Ka nemi izini ka taho.

Matarka,
Rahinatu