Masararmu, Tallafin Dogo

Maman yara,

Na fita kina barci, zan je ofishin noma. Kuɗin tallafin manoma ya shiga wayar Dogo tun makon jiya, tamu shiru. Sai jiya na ji dalili.

Kin tuna ranar da ma'aikata suka zo ɗaukar kowa hoto a gonarsa? Tasa ciyawa ta cinye ta, sai ya roƙe ni ya tsaya gaban masararmu. Na ce ai maƙwabtaka ce, har ni na gyara masa zaman hula. Yanzu wai an ga gona ɗaya sau biyu, kuma hotonsa ne ya riga shiga, sai aka cire nawa.

Ɗazu na iske shi yana goge sabon babur a daidai ƙofarmu, sai washe baki yake. Na ce masa Allah ya sanya alheri, amma wallahi da ƙyar ta fito.

Abincin yana nan a rufe, ya ƙi shiga, ki yi haƙuri.

In ya aiko aron fartanya, ki ce babu. Gona guda ya ara, har yau bai dawo da ita ba.

Baban yara