Burodin da Ba a Tsaga Ba

Wickham Cove, Long Island
14 ga Satumba, 1975

Zuwa ga Yayata Danuta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan birni bai cinye min ke ba. Mu nan lafiya lau. Ana ta haƙar dankali, mijina Wendell yana shigowa gida kamar wanda aka tono daga ƙasa, ni kuma ina korar sa ya je ya wanke kafin ya taɓa min labule.

Yaya, wasiƙarki ta sa na ƙona miya. Da gaske kamfaninku zai yi wasan talabijin a kan 'yan leƙen asirin gaɓarmu saboda bikin cikar ƙasa shekara ɗari biyu da 'yancin kai? Kin ce kuna neman labarin mace. To ga ta a gidan da na yi aure.

Sunanta Mehitable Tuthill, kakar kakannin Wendell. Lokacin da sojojin Ingila suka mamaye garin nan, ita suka sa take gasa musu burodi. Kowace Alhamis takan ba wani masunci, Jabez Horton, burodi guda ya haye da shi Connecticut wurin mutanenmu. Ba a taɓa kama ta da takarda ba, domin ba ta rubuta komai. A bayan burodin take magana, da tsagar wuƙa. Tsaga uku, jiragen yaƙi uku ke cikin mashigin teku. Tsaga biyar, biyar. In kuwa burodi ya iso sumul, babu tsaga ko ɗaya, ma'anarsa kada kowa ya zo, an ci amana a wannan gefen.

Wuƙar tana nan har yau. Kowace huɗu ga Yuli, ranar bikin 'yanci, gidan nan na gasa wa gari burodi, kuma mace ɗaya ce ke tsagawa. Shekara talatin da ɗaya tana hannun surukata, Mama Eudora. Ranar Lahadi muna wanke kwanuka ta ce, ba ta ko dube ni ba, "Halina, hannuna ya fara rawa. Baɗi ke za ki riƙe." Ni fa, Yaya! 'Yar Zaleski, wadda ubanta ya zo daga Poland da akwati ɗaya! Sai da na shiga ɗakin ajiya na yi kukana.

Wasiƙun da Mehitable ta rubuta wa 'yarta bayan yaƙi suna cikin akwatin katako, ba sa fita daga gidan. Mama Eudora ta bari na karanta su a teburin cin abinci, bayan ta duba hannuwana. Na kwafe su duka a shuɗin littafina, ga shi nan na aiko miki. Ba ta sani ba. Na ce in ta ga kakarsu a talabijin za ta yafe.

Abu ɗaya, ki saurara da kyau. Shafuka shida na ƙarshe ba na Mehitable ba ne, nawa ne. Sau ɗaya tak ta ambaci wani Kyaftin Fenn na sojojin Ingila, wai ya yi ƙorafin gishiri ya yi yawa a burodi. Kin san ni da ƙananan littattafan soyayyata. Sai na zauna ina tunanin yadda idonsa yake, na ba shi tabo a haɓa, na sa ya tsaya a ƙofar kicin ruwan sama na zuba a kansa. Shirme ne kawai. Ki yi dariyarki ki yage su.

Ki gaishe min da kanki. Allah ya kiyaye min ke.

Ƙanwarki,
Halina


Manhattan
2 ga Oktoba, 1975

Halinka,

Ina gaishe ki da sunan da muke kiran ki tun kina yarinya, ki gaida manominki. Littafi ya iso. Maigidana a wurin aiki ya karanta labarin tsagar burodi a tsaye, ko kwat bai cire ba. Tun ranar Litinin an ɗauke ni daga kan tafireta, an ba ni kujera a ɗakin marubuta. Maza bakwai da ni. Shekara tara ina buga maganar wasu, yanzu ana jira a ji tawa.

Kyaftin ɗinki kuwa! Tabo a haɓa, Halinka? Na yi dariya a jirgin ƙasa har wata tsohuwa ta canza kujera. Kada ki damu, yana kulle a aljihun teburina, ruwan sama na ta dukan sa.

Za a nuna wasan a watan Mayu, kashi shida. Ki gaya wa Sarauniya Eudora ta goge gilashin idonta.

Sai na ji daga gare ki.

Danuta


Wickham Cove
24 ga Mayu, 1976

Yaya Danuta,

Ina gaishe ki, domin haka mahaifiyarmu ta koya mana. Ban san ko zan iya rubuta sauran a tsare ba.

Kin san tun kashi na farko garin nan a zauren coci yake kallo. Mista Purdy mai kantin kayan lantarki ya aro mana babbar talabijin mai launi, ana jera kujeru kowace Lahadi da yamma. Makonni uku Mama Eudora na zaune a layin gaba da hularta ta zuwa coci. Da aka nuna Mehitable tana tsaga burodi, har tafi aka yi. Ta matse min hannu. Ba ta taɓa yi ba. A daren farko na gaya mata ni ce na aika da labarin, ta ce, "Kin yi kauɗi. Amma sun samo mai kama da ita."

Jiya aka nuna kashi na huɗu.

Ruwan sama na zuba. Aka buɗe ƙofar kicin. Ga Kyaftin Fenn tsaye, da tabon a haɓarsa. Ya buɗe baki ya ce, "Na zo ne in yi ƙorafin gishiri, amma na manta da shi tun daga bakin ƙofa." Yaya, maganata ce. A kan gadona na rubuta ta, ina cin tuffa. Na ji leɓena na bin sa kalma bayan kalma, har Wendell ya juyo ya dube ni.

Nawa ya tsaya a sumba. Naku bai tsaya ba. Kun sa ta gaya masa sunan Jabez Horton. Kun sa sojojin Ingila sun yi kwanto a gaɓa, ita ta sani, burodin da ya kamata ya tafi sumul ta ɗauki wuƙa ta tsaga shi sau biyu don mutanenmu su zo hankali kwance. Aka rataye Jabez a talabijin, mutumin da ya mutu a gadonsa yana da shekara tamanin. Jikokin jikokinsa suna layi na uku. Sannan rubutu ya fito a ƙarshe: an ɗauko daga takardun gidan Tuthill.

Aka kunna fitila. Ba wanda ya motsa. Sai Clem Horton, ɗaya daga jikokin Jabez, ya ce daga bayanmu, "To, Eudora, ashe shi ya sa akwatin ba ya fita daga gida." Wasu suka yi dariya, irin wadda ake yi don ba a san abin faɗi ba. Matarsa ta ce, "Rufe min baki, Clem, kai ma kakanka da ƙyar ya iya tuƙa kwalekwale." Mama Eudora ta miƙe, ta gyara hularta, ta bi ta tsakiyar kujeru ta fita. Na bi ta. A bakin mota ta ce, "Na karanta wasiƙun nan sau ɗari. Wannan ba ya ciki." Ba ta tambaye ni komai ba. Da ta tambaya da ya fi min sauƙi.

Yau da safe na je sayen madara, yarinyar kanti ta ce, "Misis Tuthill, gishiri fa? Ko ya yi yawa?" An kuma aiko wa Mama Eudora daga kwamitin biki cewa bana wataƙila a sayi burodi daga gidan burodi, don a rage mata wahala.

Ki ce min wani ne ya buɗe aljihun teburinki. Ki ce kina hutu aka yi. Duk abin da kika ce zan yarda, kin san ni.

Ina jiran amsarki.

Halina


Manhattan
1 ga Yuni, 1976

Halinka,

Ina fatan kin ɗan huce. Ba zan yi miki ƙarya ba, ba wanda ya buɗe komai. Ni na kai su.

Ki fahimce ni. A watan Disamba suka ce mace mai gasa burodi ba za ta riƙe mai kallo mako shida ba, za a cire ta a sa wani soja. In ta fita, ni ma na fita, na koma kan tafireta ina haɗa wa maza bakwai kofi. Sai na tuna da Kyaftin ɗinki. Na karanta musu. Maigidana ya ce, "Wannan ma daga akwatin ne?" Rubutu ɗaya ne, littafi ɗaya, tawada ɗaya. Na ce e. Maganar rataya ba tawa ba ce, daga baya suka ƙara, ban iya hanawa ba.

Ki ji abin da ba ki sani ba: kashi na huɗu ya fi kowanne samun masu kallo. Mutum miliyoyi sun yi kuka da kalmominki. Ke marubuciya ce, Halinka, kina can kina ɓata kanki a cikin dankali.

Yanzu abin da nake roƙo. Kada ki gaya wa kowa shafukan naki ne. In ya kai kunnen kamfani na ba su ƙirƙira a matsayin tarihi, ranar zan kwashe kayana. Wata guda kowa ya manta. Kuma don wa za ki tona min asiri? Don Eudora, matar da ta zaunar da mahaifiyarmu kusa da ƙofar kicin ranar aurenki? Mehitable kuwa matacciya ce, ba ta jin kunya. Ni ina da rai, kuma jininki ce.

Zan zo huɗu ga Yuli da jirgin ƙasa na safe. Ki ajiye min kujera, mu yi magana kamar da.

Yayarki mai son ki,
Danuta


Wickham Cove
19 ga Yuni, 1976

Danuta,

Gaisuwa. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau uku a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, ina neman inda kika ce ki yafe min. Ban samu ba.

Abin da ya fi ci min rai ba wasan ba ne. Watanni biyar kin sani. A Kirsimeti kin zauna a teburina, kin ci naman da na gasa, Mama Eudora ta fito da wuƙar ta nuna miki, kin riƙe ta kin ce, "Kai, ga nauyi." A lokacin kin riga kin kai musu.

Na yi sati biyu ban ce komai ba, saboda ke. Mama Eudora ta daina zuwa coci. Ranar Talata na same ta a teburin cin abinci da akwatin a buɗe, tana bin wasiƙun da yatsa layi layi, tana neman abin da ta san babu. Ta ce, "Ko akwai wadda ta ɓace tun kafin a kawo ni gidan nan?" Yaya, ta fara zargin kakarsu. A nan na kasa.

Na gaya mata. Ta saurara har ƙarshe, ta rufe akwatin, ta ce, "Ba ni za ki gaya wa ba. Ni ban yi dariya a zauren coci ba."

Don haka ranar Alhamis na tsaya a gaban taron kwamitin biki, mutum sittin ko fiye, na ce ni na ƙirƙiro Kyaftin Fenn. Ba su yarda ba sai da na karanta musu daga tsohuwar takardar da na fara gwaji a kai, da goge-gogen da komai. Na karanta ruwan sama, na karanta tabon haɓa, Wendell na zaune kunnuwansa sun yi ja. Clem Horton ya ce, "Wendell, ka je ka samo tabo, ɗan'uwa, tun wuri!" Zauren ya fashe da dariya. Yanzu Matar Kyaftin suke kira na, har yara. Jaridar garinmu ta mako ta buga. Ban ambaci sunanki ba. Amma na ce na aika da gargaɗi a rubuce cewa shafukan nawa ne, domin haka aka yi. In ya iso kamfaninku, ya iso.

An mayar wa gidan Tuthill gasa burodi. Wuƙa kuwa, Mama Eudora ta ce hannunta ya daina rawa. Ban san ko za ta sake yin maganar ba. Wendell yana min magana, amma na kwashe littattafaina daga gefen gado, ba shi ya ce ba.

Kin ce ni marubuciya ce. Da kin faɗa min haka a watan Oktoba, da na yi wata guda ina yawo a kan iska.

Ki zauna lafiya.

Halina


Wickham Cove
2 ga Yuli, 1976

Yaya Danuta,

Ina gaishe ki. Stas mai motar kifi zai ajiye miki wannan ƙunshin gobe da safe, kafin ki sayi tikitin jirgi.

Yau muka fara gashi, burodi arba'in. Ni na kwaɓa, ita ta tsaga. Da ta zo kan na ƙarshe na ce, "Mama, ki bar min wannan kamar yadda yake." Ta ce, "Na wa?" Na ce, "Na yayata." Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ajiye wuƙar, ta saka shi a tanda da hannunta.

Ga shi nan, sumul. Kin karanta littafin, kin san abin da yake cewa.

Allah ya kiyaye ki.

Halina Tuthill