Zanen da Ba a Rufe Tsohuwa da Shi Ba

Gboko, ranar Lahadi bayan sujada.

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Kumawuese. Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kuna lafiya ke da maigidanki da yara, da fatan kuma ruwan Fatakwal bai tayar miki da ciwon ƙafar nan ba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a kasuwarki. Mu nan kalau muke. Sesugh ya yi tsawo har ya fara raina ni, Wuese kuma ta fara koyon dakan sakwara, rabi a turmi rabi a ƙasa. Kin ji an binne surukata, uwar marigayi mijina Terkula, amma ba ki ji abin da ya same ni a wurin ba, kuma ba maganar waya ba ce.

Yaya, a duk danginmu ke kaɗai kika san ina ɗauke da cutar nan ta HIV tun rasuwar Terkula. Kin kuma san Madam Onyeche, 'yar Idoma ɗin nan da asibiti suka haɗa ni da ita don ta riƙa bibiyar lamarina. Da farko ba na ko son jin muryarta. Mace ce mai naci kamar ƙudan damina: ranar karɓar magani ta kira, ranar awon jini ta kira, in Wuese ta yi tari sai ta ji dalili. Na taɓa ce mata ko uwata ba ta sa mini ido haka ba, ta yi dariya ta ce to na sami ta biyu. Amma tun ranar farko muka yi alkawari cewa ba za ta taɓa zuwa inda nake da rigar aiki ko babur ɗin asibiti ba, duk wanda ya tambaya kuma 'yar zumuntar matan cocinmu ce. Ba ta taɓa saɓawa ba, kuma da nacin nata ne awo ya nuna cutar ta kwanta a jinina.

Na tafi ƙauye da ɗan maganin da ya rage mini, ina ganin kwana kaɗan zan yi. Sai aka yi ta ɗaga jana'iza, wai babban ɗa bai taso daga Legas ba. Kin san surukar gida ba ta barin gidan makoki gawa ba ta shiga ƙasa ba, balle ni da har yau wasu ke kallona a kaikaice kan mutuwar ɗan'uwansu. Ina kan murhu safe da yamma, kwalba tana ƙarewa, hankalina yana tashi. Ranar da aka sa mini a asibiti ta wuce, sai ga wayar Onyeche. Na laɓe bayan rumbun doya na faɗa mata ƙwaya biyu suka rage. Ta yi mini faɗan rashin kira da wuri, sannan ta ce in kwantar da hankalina, za ta haye kogi ta Buruku ta kawo mini da kanta ranar jana'iza, tunda cikin taro ba mai lura da baƙo.

Ta zo kuwa, da ɗankwalin zumunta da littafin waƙoƙi kamar gaske. Dabarar da ta yi, ta naɗe kwalbar maganin cikin sabon zanenmu mai ratsin baƙi da fari, a kan za ta miƙa mini a matsayin gaisuwar makoki. Tana jin yarenmu kamar 'yar gida, amma ba ta san cewa a dangin su Terkula duk zanen da ya shigo gidan makoki na mamaci ba ne. Ni kuma a lokacin ina rafi. Kafin in dawo mata sun tarbe ta, sun karɓe zanen, mai shela har ya sanar cewa baƙuwar Hembadoon, wato ni, ta kawo wa tsohuwa sutura. Da ta gaya mini, Yaya, tulun da ke kaina kaɗan ya rage ya faɗi.

Kin san yadda ake yi. Kafin a rufe akwati, babbar 'yar mamaci za ta zauna a rumfar tsakar gida ta warware zannuwan ɗaya bayan ɗaya, ta kaɗa kowanne a gaban jama'a, a ambaci wanda ya kawo. Babbar 'ya kuwa Mbalamen ce, yayar Terkula, wadda ba ta taɓa cin miyata ba tare da ta sami abin faɗa ba. Kwalbar nan kuma yanzu ko yaro ya santa. Na riga na ga yadda za a yi: a ce ni na kashe musu ɗan'uwa, a ƙi cin abin da na dafa, a ƙwace mini yara a ce ba za su tashi a hannun mai ciwo ba. Na zagi Onyeche a ƙasa-ƙasa, na ce ta haye kogi don ta tona mini asiri. Ba ta kare kanta ba. Ta ce kuskurenta ne, sannan ta riƙe hannuna ta ce, "In kwalbar ta faɗo, zan miƙe in ce tawa ce na manta a ciki. Ke dai kada ki ɗaga kai." Na ce mata ai ita ma da aure da 'ya'ya, maganar za ta bi ta har Gboko. Ta ce ita ta san yadda za ta yi da tata, ni ce aka damƙa mata.

Haka muka zauna cikin mata, rana tsaka, gumi yana bin bayana. Mbalamen tana kaɗa zane, mata suna guɗa, tulin yana raguwa. Da ta kai kan namu ta ɗaga, na ga hannunta ya tsaya. Ta ji nauyi. Ta ɗan girgiza shi, ni da nake kusa na ji ƙarar ƙwayoyin, ko kuma zuciyata ce ta ji, ban sani ba. Onyeche ta fara gyara zama za ta miƙe. Sai Mbalamen ta zura hannu cikin naɗin, ta daɗe tana laluba, ta ɗago ta dube ni. Daga nan ta cusa zanen ƙarƙashin cinyarta ta ce wa mai shela tsohuwa ta sami sutura har ta yi mata yawa, wannan za a bar wa surukar da ta yi mata hidima. Wata gwaggo ta ce ba a taɓa yin haka ba. Mbalamen ta ce uwar wa ake binnewa, tata ko ta gwaggo? Sai aka ci gaba da sauran zannuwan.

Bayan an dawo daga kabari Mbalamen ta aiko a kira ni bayan rumbu. Na tafi, Onyeche tana biye da ni daga nesa. Mbalamen ta miƙo mini zanen yadda yake a naɗe. Ta ce ita ta wanke kayan Terkula bayan rasuwarsa, ta tarar da irin kwalbar nan cike, ko buɗe ta bai yi ba, ta jefa a masai ba ta gaya wa kowa ba. Sannan ta ce, "Da ƙanina ya sha nasa, da yau shi ya ɗauki akwatin uwarsa. Ki sha naki. Kada ki bar mini marayu." Shekara uku ina ɓoye wa matar nan abin da ta riga ta sani. A nan na sha ƙwayar ranar, da ruwan da ta ɗebo mini a ƙwaryarta, ina kuka kamar yarinya.

A kwale-kwale, muna komawa Gboko, Onyeche ta tambaye ni ko zan yarda Mbalamen ta zama mai tuna mini da magani in na je ƙauye. Na ce ke da nacinki ba ki isa ba sai kin ƙaro mini wata? Amma na yarda.

Ki gaishe mini da Baban Orseer, da Orseer da Nguher, da Mama Shimenenge in ta zo. Sesugh da Wuese suna gaishe ku. Zanen yana nan, shi na ɗaura na je coci yau.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Hembadoon