Albasa Goma Daga Kowane Rudu

Kalgo,
11 ga Afrilu.

Yaya Lukuman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Anti Jidda da yara. Yaya Ibadan, yaya kasuwa? Tunda ka ce saƙon muryata ya fi huɗuba tsawo, ga shi na koma takarda. Zan ɗauki hotonta in tura maka, ka karanta lokacin da ka ga dama.

Ka tambayi karatu. Karatu lafiya lau, abokan karatun ne dai sai a hankali. Wannan zangon muna ƙididdiga, ɓangaren gwajin hasashe. Abin ba wuya. Mutum ya yi ikirari, kai kuma ka ɗebo samfur, ka lissafa: in da maganarsa gaskiya ce, anya za a ga abin da na gani? In da wuya ƙwarai a gani, sai ka watsar da maganar. Shi ke nan fa, amma mako uku ajinmu yana kuka a kai. Malamar, Malama Rahama, wai don ta sauƙaƙa musu sai ta koma kicin. Ta ce cokali ɗaya ya isa a san gishirin miya, muddin an motsa tukunyar. Yaya, na baro Masama na zo jami'a don a koya mini miya?

Ga dalilin wasiƙar. Baba ya kira ni jiya, wai zai sayar da albasar bana gaba ɗaya, yanzu da kowa ke zubar da tasa a arha. Ka san ita ce duk abin da gidanmu ya noma a rani. Wai bana ta sha taki da ruwa da yawa, wuyanta bai bushe ba, ba za ta kai damina a rudu, rumfar ajiyarmu, ba. Har da cewa ɗaya cikin biyar ta riga ta fara lalacewa, a namu rudun da na kowa. Na tambaye shi hujja. Hujjarsa hanci da babban yatsa! Ya shiga rumfar, ya shaƙa, ya latsa biyu, ya yanke hukunci a kan noman wata biyar. Haka mutanenmu suke tun kakanni, shi ya sa dillalai ke gina bene su kuma suna nan jiya i yau.

An ba mu aikin gwaji, kowa ya nemo ikirari ya gwada. Na sami nawa a gida. Na roƙi Baba ya dakata mako biyu, ya ce to.

Ka gaida mutanen rumfarku.

Ƙanenka,
Zubair.


Kalgo,
29 ga Afrilu.

Yaya Lukuman,

Salamun alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, kuma zazzaɓin Anti ya sauka. Allah Ya ƙara sauƙi.

Albishirinka. Na je gida, na gama aikin cikin kwana biyu. Manoma talatin na bi, a Masama da Kambaza da Malisa duk cikin ƙasarmu ta Gwandu, albasa goma daga kowane rudu, ɗari uku ke nan. Babu wanda ya hana. Ina sallama in ce ɗan Malam Umaru ne daga jami'a, sai ka ga dattijo ya durƙusa ya shige rumfa, jim kaɗan ya fito da goma a gefen riga. Farar shaddata ko ƙura ba ta taɓa ba. Na yanka su ɗaya bayan ɗaya a tsakar gida, Inna tana mita wai na mai da mata gida wurin makoki saboda hawaye.

In maganar Baba gaskiya ce, ya kamata in sami ruɓaɓɓu wajen sittin. Ka san nawa na samu? Shida. Na buga lissafin sau uku. Yiwuwar a sami shida kacal alhali ɗaya cikin biyar ta lalace, lambar da ta fito sifili ne jere kamar ƙwan zabi. An watsar da hasashen Baba, hanci ya faɗi jarrabawa.

Bayan la'asar na yi musu bayani a ƙofar gida, don labari ya bazu, an taru. Na ce duk wanda ya sayar yanzu kyauta ya bayar, a riƙe zuwa Yuli. Sai gyaɗa kai suke suna Masha Allah, wani har da cewa ɗan Malam Umaru ya haifu. Rabinsu ba su fahimci komai ba, amma ba fahimtarsu nake nema ba, su dai bi. Baba ya karɓi takardar lissafin da na karanta musu ya daɗe yana kallonta, ka san shi da boko sai dai kallo. Washegari mai motar da ya yi wa alkawari ya zo, Baba ya ba shi haƙuri ya sallame shi.

Ka ji abin dariya. Akwai wata a ajinmu, Fatimatuzzahra, ita buhunan shinkafa take gwadawa nan Kalgo. Sai da ta rubuta wa kowane buhu lamba, ta zuba ƙuri'u a kwano ta rufe ido ta zaro, sannan duk buhun da ya fito sai an ɗaga na kansa ta kai gare shi, ko yana can ƙasa. Mako biyu tana fama, ta dawo fari fat da ƙaiƙayi, samfur sittin kawai. Ni ɗari uku a kwana biyu. Wasu dai wahala ce sana'arsu.

Gobe zan miƙa aikin. A gaida yara.

Naka,
Zubair.


Kalgo,
20 ga Mayu.

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, sai dai raina a ɓace yake, kuma kai kaɗai zan iya faɗa wa.

An dawo mana da aikin. Malama Rahama ba ta taɓa lissafina ba, ta ce babu kuskure ko ɗaya a ciki. Tambaya guda ta yi mini gaban aji: hannun wa ya shiga rudun? Na ce na masu albasar mana. Ta ce to ba albasar Gwandu na auna ba, karamcin mutanen Gwandu na auna. Aka kwashe da dariya, har da waɗanda ba su iya riƙe kalkuleta daidai ba. Ta ce tukunyar da ba a motsa ba, ko ludayi ɗari uku ka ɗiba daga sama, saman ka ɗanɗana. Ta sa mini huɗu cikin ashirin. Mai ƙaiƙayi ta sami sha takwas.

Da na zauna sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Ashe daɗewar da suke yi a cikin rumfa tona suke, suna latsawa, suna ajiye mai taushi gefe. A Kambaza wani tsoho, Malam Sirajuddeen, har bakin hanya ya biyo ni, ya buɗe ledata ya zare ɗaya ya musanya da wata, wai kada a ce daga gidansa ta fito. Lokacin har godiya na yi masa. Yaya, wane irin mutane ne waɗannan? Na ce a ba ni albasa don bincike, ba tsaraba na roƙa ba. Su a duniya ba a ba baƙo abu sai na gani na faɗa, ko da likita ne ya ce kawo ciwonka sai sun kai masa ƙafar mai lafiya. Da kunyarsu da karamcinsu sun lalata mini aiki.

Na san abin da za ka ce, in kira Baba. Ba yanzu ba. Samfur ya karkace ba yana nufin amsar ƙarya ce ba, yana nufin ba a sani ba ne kawai. Wataƙila albasar lafiyarta lau. Kuma da wane baki zan ce masa takardar da na karanta gaban mutane shirme ce? Jarrabawa saura mako uku. Ina gamawa zan je in sa hannuna da kaina har ƙasa, in gwada yadda ya kamata, sannan in yi magana da hujja.

Don Allah kada ka faɗa masa, kada ka faɗa wa Inna. Amana ce.

Zubair.


Masama,
16 ga Yuni.

Yaya Lukuman,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Anti da yara. Baba da Inna suna lafiya, sun ce a gaishe ku.

Shekaranjiya na iso, da ƙuri'una a kwano irin na Fatimatuzzahra. Ban yi amfani da su ba. An yi ruwa sau huɗu kafin in zo, tun daga bakin masallaci warin ya tare ni. Na tuɓe riga na shiga rudun. Na sama suna nan jajaye kamar ba abin da ya faru. Da na tura hannu zuwa gwiwar hannu sai ya nutse cikin abu mai ɗumi. Jiya tun safe muke tsincewa, ni da Baba da Inna, muna kwasar sauran a baro zuwa bayan gari. Abin da ya tsira bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, shi ma sai an sayar cikin makon nan.

A littafinmu akwai sunan abin da na yi, watsar da hasashen da yake gaskiya. Na amsa tambaya a kansa a jarrabawa, ina jin ma na ci. Mako uku na san akwai matsala na yi shiru, wannan kam babu babinsa a littafi. Da na kira Baba ranar da na rubuta maka, da an sami fiye da rabi. Na faɗa masa haka jiya muna tura baro. Sai ya ce in kula da rami a gabana.

Da yamma na ce bari in zaga in ba sauran mutane haƙuri, tunda ni na ce su riƙe. Na fara da maƙwabta, na wuce Kambaza, yau na je Malisa. Yaya, rudunansu wayam. Duk wanda na tarar sai ya shimfiɗa mini tabarma ya kawo fura, ya ce ai ba komai, shi tun makon da na yi bayani ya sayar. Su talatin ɗin nan, da masu Masha Allah na ƙofar gida, babu wanda ya yi asarar ko kwando. Sun saurare ni ne don kada su kunyata ɗan Malam Umaru, suka koma suka bi hancinsu.

Na dawo na tambayi Inna ko Baba ya san sun sayar. Ta ce ya sani sarai, a gabansa motoci suka yi ta lodi. Kullum da safe sai ya shiga rudun ya shaƙa ya fito. Sau biyu ta ce masa ya sayar. Ya ce mata yaro ya tsaya gaban jama'a ya yi magana da iliminsa, in kowa ya ƙi bi, bai kamata a ce har ubansa ba.

Ban iya cin tuwo ba. Yanzu haka yana waje yana ɗaure buhunan da suka rage, ya aiko wai in zo in duba masa ko sun yi.

Ka yi mini addu'a, kuma ka kira shi.

Ƙanenka,
Zubair.